A Duba Fanka Kafin A Zargi Manhaja: Jan Kunne Kan Injin Haƙar Bitcoin

Tun shekarar 2021, sa'ad da ƙasar Sin ta hana haƙar Bitcoin, injunan wannan sana'a suka watsu cikin duniya, wasu Amurka, wasu Kazakistan, tsofaffinsu kuwa suka faɗa hannun dillalai. Saboda haka ɗan Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal, wanda aka yi wa tallan irin wannan inji da romon baka, ya kamata ya san halin abin da zai kai gida tun kuɗinsa bai fita ba.

Haƙar da ake faɗi ba ta diga da shebur ba ce. Inji ne ke ta lissafi dare da rana, yana tsere da sauran injunan duniya, wanda ya riga a ba shi lada. To, kusan duk wutar da ya sha zafi take komawa. Antminer S19 Pro, wanda kamfanin Bitmain ya fitar a 2020, yana shan wat 3,250, watau kamar a kunna dutsen guga uku a bar su ba kashewa. A cikinsa akwai alluna uku cike da ƙwayoyin lissafi, da fanka huɗu, kuma ba a so zafin ɗakinsa ya wuce digiri 40.

Nan ne gizo ke saƙa. Da zarar inji ya fara tsayawa, sai mai shi ya ce manhajar da aka dasa a cikinsa ce ta lalace, ya tafi neman wata. Alhali kuwa sau da yawa manhajar aikinta take yi, gama an tsara ta ne ta tsai da inji idan fanka ta mutu ko zafi ya ƙetare iyaka, don kada alluna su ƙone. Wanda ya tuɓe ta saboda wannan, tamkar ya kori mai gadi ne don ya yi ihun gobara.

Abin da ya fi shi ne a bi cutar daki-daki. Da fari a buɗe kundin rahoton da injin ke rubutawa, domin shi zai faɗi gudun kowace fanka, da zafin kowane allo, da yawan ƙwayoyin da suka amsa. Sa'an nan a duba iska: bakin shaƙa daban, bakin fitarwa daban, kada inji ya koma yana shaƙar zafin da ya fitar. A hure ƙurar da ta toshe ƙarafan da ke tsotse zafi, balle lokacin hunturu. Mazauna bakin teku kuma su sani laima da gishirin iska na cin alluna. Bayan haka a auna wuta, gama wannan inji yana bukatar bolt 200 zuwa 240 tsayayye, abin da ƙaramin janareto ba zai iya ba. Sai duk waɗannan sun fita zargi za a taɓa manhaja.

Ko a nan ma sai da lura. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sa sabuwar manhaja, inji na iya sumewa, sai an farfaɗo da shi da katin memori. Akwai manhajojin kirki na wasu kamfanoni, kamar Braiins OS da ta fito a 2018, waɗanda ke ba mutum damar rage wa inji gudu ya yi sanyi, ko ƙara masa. A ƙasa mai zafi ragewa ita ce dabara, domin ƙarin gudu ƙarin zafi ne. Amma manhajar da aka tsinta a intanet ba a san asalinta ba, guba ce. Wata takan karkatar da ladan zuwa asusun ɓarawo, mai inji na ta biyan kuɗin wuta. A farkon 2019 an ba da labarin wata mai suna hAnt da ta kama injuna a Sin, tana barazanar kashe fanka ta bar inji ya ƙone in ba a biya Bitcoin 10 ba.

Saura maganar riba, wadda dillali ba ya so a yi. S19 Pro na cin yunit 78 na wuta kowace rana. A watan Afrilu 2024 aka kai kuɗin yunit na masu rukunin A naira 225, watau naira 17,550 a kwana ɗaya, ban da gyara. A wannan watan ne kuma ladan haƙa ya ragu da rabi, daga Bitcoin 6.25 zuwa 3.125. Dalili ke nan manyan masu sana'ar ke bin wuta mai araha, har zuwa Habasha. Tsoho irin S9 na 2016 kuwa, da wuya ya ci da kansa a inda ake sayen wuta.

Wanda ya riga ya saya, ya fara da iska da ƙura da wuta. Wanda bai saya ba, ya sa dillali ya kunna injin a gabansa na awoyi, ya ga alluna uku duk suna aiki, ya kuma yi lissafin wutar wata guda a takarda. In lissafi bai fita ba, jarin ya fi amfani a sana'ar da ya sani. Rigakafi ya fi magani.