Motar Kara Ba Ta Maza Kaɗai Ba Ce

Ga kaka ta yi, an yanke dawa, kara ya taru a gonaki da bayan gidaje tun daga Jama'a har Getso da Kutama, haka kuma ta wajen Kabo da Garo. Kowace uwargida ta san amfanin kara: a yi darni, a yi gado, a hura wuta, a sami toka. Amma akwai wani amfani nasa wanda yara ne suka fi mu saninsa, shi ne ƙera mota. A kansa nake so mu yi magana a wannan mako, gama na lura abu biyu muke yi wa wannan wasa, duka kuwa ba su kamata ba. Na ɗaya, in yaro ya wuni yana haɗa motarsa, da safe sai mai shara ta tattara ta da sauran bola ta tura a murhu. Na biyu, in yarinya ta tsuguna za ta taya wanta, sai a daka mata tsawa a ce tashi, wannan wasan maza ne.

Bari mu fara duba abin da yaron nan yake yi, don mu san abin da muke ƙonawa. Yakan zaɓi busasshen kara miƙaƙƙe, ya feƙe ɓawon siri-siri, ya bar totuwa. Totuwa ita ce katakonsa, ɓawon kuwa shi ne ƙusarsa, don in ya fiƙe bakinsa yana shiga totuwa ya riƙe ta gam, ba sai da danƙo ba. Da fari ya shimfiɗa dogaye biyu, ya gicciya musu gajeru, gindin mota ke nan. Sa'an nan ya tsai da ginshiƙai, ya ɗora rufi, ya ware wurin direba da wurin kaya. Taya kuwa daga sakaina ake fafe ta, ko tsohon silifas, ko marfin kwalba. Mai wayo yakan zura tsinken da ke riƙe da tayoyi cikin bututun tsohon biro don su juya ba gardama. Wanda ya ƙware ya wuce kara ya koma waya da langa-langa, har ya sa doguwar sanda mai sitiyari, yana tafe yana juya ƙafafun gaba. Duk wannan ba wanda ya zana masa a takarda. Ya tsaya ne a bakin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya ƙare wa tifa da a-kori-kura kallo, ya komo gida da su a kansa.

To, a waɗansu ƙasashe wannan abu ba yara kaɗai ke yinsa ba, har da manya masu furfura, kuma sana'a ce ta manyan kamfanoni. Ana sayar da mota a kwali gunduwa-gunduwa, an zuba ta da roba mai tauri, kowane yanki da lambarsa, ga takarda mai nuna wanda ke bin wani. Mai sha'awa ya yanke, ya goge bakin, ya manna, ya shafa fenti da ɗan buroshi mai bakin allura. Wani yakan yi wata guda a kan mota ɗaya wadda ba ta kai tsawon takalminsa ba, yana sa mata har wayoyin inji. Kamfanin Airfix na Ingila ya fara da ƙaramar tarakta ta Ferguson a 1949, a Japan kuma akwai Tamiya a birnin Shizuoka. Ga wani labari da ya kamata masu cewa wasan maza su ji. Ƙananan motocin ƙarfe da ake kira Matchbox, waɗanda suka fito a 1953, an ce asalinsu wata yarinya ce. Makarantarsu ta hana zuwa da abin wasa sai wanda zai shiga kwalin ashana, sai ubanta, Jack Odell, ya ƙera mata 'yar motar daɓe hanya daidai kwalin.

Ni dai ban ga dalilin da zai sa uwa a Jama'a ta takura kanta neman irin wannan kwali ba. Yana da tsada, ba ya samuwa a kasuwanninmu, kuma wanda ya haɗa shi bin umurnin wani ya yi, alhali mai motar kara shi ne mai zane, shi ne maƙeri. Abu guda ne na kwali ya fi mu da shi, shi ne awo. In kin duba jikin kwalin za ki ga an rubuta 1:24, ko 1:43. Ma'anarsa, kowane abu na motar gaske an rage shi sau 24, ko sau 43, tun daga tsawonta har hannun ƙofa. Shi ya sa in an ɗauki hotonta sai ki rantse ta gaske ce. Motocin yaranmu kuwa sau da yawa taya takan yi rabin jiki, ko ƙofa ta fi ƙarfin gidan direba, don da ido aka auna.

Wannan awo shi ne lissafin da 'yan aji biyar da aji shida ke kuka da shi. A ajin da nake koyarwa, in na rubuta raba 450 gida 20 a allo, rabin 'yan mata sai su sunkuyar da kai. Amma ga yadda abin yake in an kawo shi tsakar gida. Ɗauki Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, har yanzu kuwa ba a rasa tsofaffinta a tasha. Tsawonta wajen mita huɗu da rabi ne, watau santimita 450, faɗinta wajen 170. In za a rage ta sau 20, wanda ya fi 24 sauƙin rabawa, tsawo ya zama santimita 22 da rabi, faɗi 8 da rabi. Tayarta ta ɗan haura santimita 60, saboda haka ta ƙaramar za ta zama wajen 3, kusan daidai da marfin gorar ruwa. Kin ga yarinya ta yi rabawa sau uku ba wanda ya ɗaga mata bulala. In kuma ta yi kuskure motar ce za ta faɗa mata, don rufi ba zai hau ba.

Kada ku tsaya ga lambobina. In akwai mota ko babur mai ƙafa uku a ƙofar gida, a nemi izinin mai shi, a auna da igiya, a zo a ɗora igiyar a kan rula ko tef ɗin tela. A rubuta tsawo, da faɗi, da tsayi, da tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi ne kuwa ke sa a gane irin mota tun daga nesa. Sa'an nan a zana ta a bayan kwali ta gefe da ta gaba kafin a taɓa kara.

Wajen ƙawata ta kuwa, a nan ne nake ganin 'yan mata za su ba maza ruwa. Hannun da ya iya zura zare a allura, ya iya kitso ƙanana, ya iya zanen lalle, ba abin da zai gagare shi a jikin motar kara. Gilashi, a yanko shi daga farar gorar roba. Madubi, takardar alawa mai ƙyalli. Fitilun gaba, duwatsun wuya farare guda biyu, na baya jajaye. Kujeru, a roƙi tela ƙyallayen da ya zubar, a naɗe totuwa da su a ɗinke. In ana son jiki ya yi sumul sai a liƙa takarda da ƙaro ko kokon rogo, a bari ta bushe sarai a inuwa, gama rana tana sa ta tattare. Launi kuwa ga bula, ga garura, ga gawayi don tayoyi, a shafa kaɗan-kaɗan sau biyu, ya fi a kwaɓa da yawa sau ɗaya. Mai son motar kaya kada ta manta da rubutun baya, da lamba, da ɗan tsani na hawa. Har datti ma ana yi mata: masu wannan sha'awa a Turai sukan ɓata lokaci suna sa wa motarsu ƙura ta ƙarya, mu kuwa jar ƙasa ga ta nan kyauta.

Na san abin da wata uwar za ta ce: me yarinya za ta yi da mota, ita da za ta gidan miji? Mu ne fa muke cewa wasa farin girki. Mun yarda tuwon ƙasa yana koya wa yarinya tukunya, don me ba za mu yarda awo yana koya mata lissafi ba? Wadda ta iya rage mota sau 20 ta iya yanka riga ba ta ɓata yadi ba, ta iya karanta taswira, ta iya duba zanen ɗakin da magini ya kawo. Kuma manyan kamfanonin mota har gobe sai sun sassaƙa sabuwar mota da yumɓu, ƙarama tukuna sa'an nan babba, kafin a taɓa ƙarfe. Irin aikin da Jelani Aliyu, ɗan jihar Sakkwato, ya yi ke nan a kamfanin General Motors na Amurka, inda ya zana siffar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, daga baya ya shugabanci hukumar tsara motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023. Mata ma ba baƙi ba ne a harkar. A 1888 Bertha Benz ta Jamus ce ta fara yin doguwar tafiya da mota, fiye da kilomita 100, da bututun mai ya toshe a hanya ta zare tsinken hularta ta buɗe shi. A nan gida Sandra Aguebor ta Binin ta kafa ƙungiyar koya wa mata kanikanci a 2004.

Sai dai a yi hattara. Ɓawon kara yana yanka kamar aska, reza kuwa ba ta ƙananan yara ba ce, kuma kada a tsinto tsohuwa a bola. Babba ya zauna kusa, a yanka ana ture wuƙa gaba, ba wajen jiki ba. Langa-langa mai tsatsa in ta yanki yaro a wanke wurin da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti a tambayi allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki. Duwatsun wuya da marafan kwalba a kau da su daga mai rarrafe. Wasan kuma bayan an gama aikin gida da na makaranta ne. In an gama mota a ba ta wuri a kan kanta ko a rataye ta, a gaya wa mai shara ta bar ta.

'Yan makaranta, ga naku. Wata babbar mota tsawonta mita 9, ana so a rage ta sau 30: santimita nawa za a yanka karan gindinta? Na biyu, ƙofar wata ƙaramar mota da aka rage sau 20 faɗinta santimita 5: nawa ne faɗin ƙofar ta gaske? Ku aiko da amsa ta hannun Edita, da sunan garinku da ajinku. Wadda kuma ta ƙera mota ta faɗa mini da me ta yi taya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.