Neman Gurbi a Makarantun Kiwon Lafiya Fiye da Ɗaya: Abin da Ya Kamata Iyaye da Shugabanni a Lajawa Su Sani

A kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawar JAMB ya fito, akwai gidajen da sukan shiga hali iri ɗaya a Lajawa da sauran mazaɓun ƙaramar hukumar Wudil. Ɗalibi ya kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, ya rubuta likitanci a matsayin abin da yake son karantawa, makin da ya samu bai kai ba, sai a ce ya zauna a gida ya jira baɗi. Kafin iyaye su farga, makarantun koyon aikin jinya da ungozoma da na fasahar kiwon lafiya sun riga sun rufe karɓar masu nema. A cikin wannan jira ne wasu samari sukan tafi cirani su manta da zancen karatu, wasu 'yan mata kuma a yi musu aure ba tare da an tanadi yadda za su ci gaba ba.

Wannan sharhi ya duba wata hanya da ke rage irin wannan asara, wato ɗalibi ya nemi gurbi a makarantun lafiya iri daban-daban a shekara guda. Hanya ce halattacciya, babu dokar da ta hana ta, amma tana da ƙa'idojin da in ba a kiyaye su ba, a yi biyu babu.

Takarda ɗaya, ƙofofi da yawa

Abin da ya sa wannan tsari yake yiwuwa shi ne, yawancin makarantun lafiya a Nijeriya sharaɗi ɗaya suke nema daga sakandare: kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, a jarrabawar WAEC ko NECO. Makarantun jinya sukan karɓi sakamakon zama biyu, wato a haɗa takardu biyu su cika biyar, alhali jami'o'i da dama suna son wanda zai karanta likitanci ya samu duka biyar ɗin a zama ɗaya. Haka nan a jarrabawar JAMB, darussan da mai son likitanci yake rubutawa, wato Turanci da Fiziks da Kimistiri da Bayoloji, su ne mai son digirin jinya ko harhaɗa magunguna ko kimiyyar gwaje-gwaje yake rubutawa. Ke nan wahalar da ɗalibi ya sha sau ɗaya tana iya buɗe masa ƙofa fiye da ɗaya.

Manomin Lajawa ya san wannan dabara tun kaka da kakanni. Yakan haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, domin in damina ta gaza wa wani, wani ya yi. Ba don ya raina gero ba ne yake shuka wake, kowanne da amfaninsa a rumbu.

Dalilin da ya sa gasar take da zafi kuwa shi ne, kowace makarantar lafiya tana da adadin ɗaliban da hukumar da ke kula da sana'ar ta amince ta ɗauka, gwargwadon malamai da kayan aiki da gadajen asibitin da za a koyi aiki a kansu. A shekarar 2024 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta bayyana cewa an ƙara wannan adadi a faɗin ƙasa daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Duk da wannan ƙari, masu neman likitanci a Jami'ar Bayero da takwarorinta sun ninka guraben da ake da su sau da yawa. Saboda haka ɗalibi mai ƙoƙari yana iya rasa gurbi ba tare da ya faɗi jarrabawa ba.

Kowace ƙofa da inda take kaiwa

Kafin a sayi fom, wajibi ne iyaye su fahimci cewa waɗannan sana'o'i sun bambanta a tsawon karatu da irin aiki da kuma hukumar da ke ba da lasisi.

Likitanci shekara shida ne a jami'a, sannan shekara ɗaya ta koyon aiki a asibiti kafin cikakken lasisi. Digirin jinya da na kimiyyar gwaje-gwaje shekara biyar-biyar ne. A 'yan shekarun nan an mayar da makarantun jinya zuwa kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma ta ƙasa, wato karatun shekara huɗu, kuma shigarsu ta koma ta hanyar JAMB. Jihar Kano tana da makarantun jinya da ungozoma a cikin birni da Madobi da Dambatta da Gezawa, kodayake wasu kwasa-kwasan na waɗanda suka riga suka zama ma'aikatan jinya ne.

A ɓangaren fasahar kiwon lafiya kuma, akwai makarantu a Kano da Bebeji, ga kuma Makarantar Tsafta ta Kano, wadda take horar da duba-gari tun zamanin Turawa. A irin waɗannan makarantu ake yaye jami'an lafiyar al'umma da aka fi sani da CHEW, masu karatun shekara uku, da ƙananansu masu shekara biyu, da masu taimaka wa ɗakin gwaje-gwaje da ɗakin magani, da masu adana bayanan marasa lafiya. Su ne mutanen da ɗan ƙauye ya fi haɗuwa da su in ya je asibitin mazaɓa.

Akwai kuma abin da ya kamata a rarrabe. Digiri a Bayoloji ko Kimistiri, irin wanda ake yi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, ilimi ne mai daraja kuma yana da hanyoyinsa na aiki, amma ba ya ba mutum lasisin duba marar lafiya. Wanda burinsa aikin asibiti ne, in aka canza masa kwas zuwa ɗaya daga cikin waɗannan, sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya karɓa.

Yadda ake nema ba tare da an yi biyu babu ba

Fom ɗin JAMB yana ba ɗalibi damar rubuta makarantu fiye da ɗaya a jere, amma a aikace makarantar da aka sa a zaɓi na farko ita ce ke duba shi da farko, kuma makarantu masu cunkoso ba su cika waiwayar wanda ya sa su a na biyu ba. Don haka lokacin da ya fi muhimmanci shi ne makonnin da ke biye da fitowar sakamako. JAMB tana ba da damar canza makaranta ko kwas bayan biyan kuɗi. A taron tsara manufofi na shekarar 2025, an tsayar da maki 150 cikin 400 a matsayin mafi ƙarancin abin da jami'a za ta karɓa, 140 ga kwalejojin jinya, 100 ga kwalejojin fasaha da na ilimi. Wannan matakin ƙasa ne kawai. Kowace makaranta tana da ikon ɗaga nata, kuma makin likitanci yakan yi nesa da waɗannan alƙaluma. Ɗalibin da ya ga makinsa ba zai kai shi likitanci ba, amma zai iya kai shi kwalejin jinya, gara ya canza da wuri da ya zauna yana sauraron alƙawarin wani mai cewa ya san wani babba.

Wasu kwasa-kwasan makarantun fasahar lafiya kuwa, makarantar ce da kanta take sayar da fom, ta shirya jarrabawa da ganawa. Irin wannan ne ɗalibi zai iya nema a gefe guda yana jiran sakamakon jami'a. Abin kula shi ne ranakun jarrabawa suna iya cin karo, kuma daga Wudil zuwa Kano tafiyar kimanin kilomita 40 ce, ban da ta Lajawa zuwa Wudil, saboda haka sai an lissafa kuɗin mota da wurin kwana.

Sai kuma babbar ƙa'ida. Tun shekarar 2017 JAMB take amfani da tsarin CAPS, inda ake nuna wa ɗalibi gurbin da aka ba shi a intanet ya karɓa ko ya ƙi. Wanda ya karɓi gurbi ɗaya ya rufe wa kansa sauran na wannan shekara a cikin tsarin. Nema ana iya yin sa a wurare da yawa, amma karɓa sau ɗaya ce, domin taura biyu ba ta taunuwa. Bai kamata a bar mai shagon intanet ya danna wa yaro karɓa ba tare da an yi shawara a gida ba.

Haka kuma tun shekarar 2021 ba a yin rajistar JAMB sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Wajibi ne suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar NIN da ta WAEC ko NECO da takardar haihuwa da ta shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Bambancin harafi ɗaya yana iya jawo jinkiri a lokacin tantancewa.

Nauyin aljihu da haɗarin makarantun bogi

Nema a wurare da yawa kuɗi ne. Kowane fom da kuɗinsa, kowace jarrabawa da tafiyarta, kuma sau da yawa hidimar tana faɗowa a tsakiyar damina, lokacin da manomi yake neman na taki. Saboda haka hikima ita ce a taƙaita ga wurare biyu ko uku da aka auna da kyau: ɗaya wanda ake buri, ɗaya wanda makin ɗalibi ya isa, ɗaya kuma wanda yake kusa da gida kuma aljihu zai iya ɗauka har ƙarshe.

Haɗari mafi girma shi ne faɗawa hannun makarantar da ba ta da izini. A shekarar 2022 Gwamnatin Jihar Kano ta rufe makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu guda 26 saboda rashin cika ƙa'ida. Wanda ya yi karatu a wurin da hukumar sana'ar ba ta amince da shi ba, ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, shekarunsa da kuɗin iyayensa sun tafi a banza. Tambayoyi biyu ne za a yi kafin a biya ko kwabo: shin hukumar da ke kula da wannan sana'a ta amince da wannan kwas a wannan makaranta, kuma shin za a yi wa ɗalibi rajista da hukumar a cikin adadin da aka ba makarantar? Ma'aikatar Lafiya ta Jiha da sashen lafiya na ƙaramar hukuma su ne wuraren da za a tabbatar.

Abin da mazaɓa za ta samu

Wasu iyaye suna ɗaukar jinya ko ungozoma ko aikin CHEW a matsayin "da babu gara ba daɗi". Wannan fahimta tana buƙatar gyara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kula da lafiya a matakin farko, kuma manufar ita ce kowace mazaɓa ta samu asibiti mai aiki. Jihar Kano tana da mazaɓu 484 a ƙananan hukumomi 44, goma daga ciki a Wudil. Gini da magani ba sa aiki da kansu, sai da ma'aikaci. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mata 512 suke rasuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma kashi 43 cikin 100 na haihuwa ne kawai ƙwararren ma'aikaci yake karɓa, a Arewa maso Yamma ma abin bai kai haka ba ko kusa. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano a shekarar 2023 ta ƙara nuna muhimmancin masu rigakafi a ƙauyuka.

Ma'aikaciyar da aka turo daga birni takan so ta koma gida kafin magariba, haihuwa kuwa ba ta zaɓen lokaci. 'Yar gari da ta karanta ungozoma tana kwana a cikin mutanenta, mata kuma sun fi sakin jiki da ita. Wannan ne ya sa aka ƙirƙiro karatun ungozoma ta karkara na shekara biyu, inda ake ɗaukar ɗaliba daga yankinta bisa sharaɗin ta koma can ta yi aiki. Shirin Mata Don Lafiya, wanda ƙasar Birtaniya ta tallafa daga 2012 zuwa 2020 a Kano da Jigawa da Katsina da Zamfara da Yobe, ya bi irin wannan hanya ta hanyar ba 'yan matan karkara karatun share fage kafin su shiga makarantun lafiya.

Bugu da ƙari, ƙofar ba ta rufuwa daga baya. Ma'aikaciyar jinya mai lasisi tana iya shiga jami'a ta yi digiri ba tare da ta fara daga ajin farko ba, jami'in CHEW kuma yana iya ƙaro karatu ya zama babban jami'in lafiyar al'umma. Sai dai shekarun da aka yi a wata sana'a ba sa rage shekarun likitanci yadda wasu suke zato, don haka kada ɗalibi ya shiga wata makaranta da niyyar ya bar ta bayan wata shida, ya tare gurbin da wani yake buƙata.

Aikin da ke gaban shugabanni

Babban abin da ke hana ɗan ƙauye gurbi shi ne rashin jin labari a kan lokaci. Wannan kuwa abu ne da ƙaramar hukuma za ta iya magancewa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Sashen ilimi da sashen lafiya na Wudil suna iya tattara ranakun buɗewa da rufe fom na kowace makaranta, a liƙa su a sakandare da asibitin mazaɓa, a kuma miƙa su ga dagatai da masu unguwanni da limamai domin sanarwa. Kansilan mazaɓa da kwamitin ci gaban mazaɓa suna iya riƙe sunayen ɗaliban da suka samu kiredit biyar ɗin nan, musamman mata, a san inda kowannensu ya nema. Shugabannin makarantun sakandare kuma su fara yi wa ɗalibai wannan bayani tun suna aji biyar, domin tun ran gini ran zane. Masu hali da ƙungiyoyin 'yan asalin gari suna iya ɗaukar nauyin fom na biyu ga marayu da 'ya'yan marasa ƙarfi.

Daga ƙarshe, ana kira ga iyaye da su zauna da 'ya'yansu tun kafin a buɗe rajistar JAMB, a duba takardu, a tsayar da wurare biyu ko uku, a kuma tanadi kuɗinsu tun lokacin kaka. Allah Ya ba yaranmu ilimi mai amfani, Ya ƙara wa al'ummarmu lafiya.