Inci Nawa Ya Isa? Batun Zaɓen Wili da Tayar Motar Gudu

A shekarar 2012, lokacin da kamfanin Toyota ya fitar da GT86, motar da ya ƙera tare da Subaru, tayoyinta sun sha surutu a mujallun motoci. Mota ce ta gudu, mai ƙofa biyu, wadda tayoyin baya ke turawa, injinta na da ƙarfin doki kusan 200. Duk da haka sai aka ɗaura mata Michelin Primacy HP mai lamba 215/45 R17, irin tayar da ake sa wa wasu samfuran Prius, motar da aka sani da tsimin mai. Da gangan aka yi hakan. Injiniyoyin da suka ƙera ta, ƙarƙashin jagorancin Tetsuya Tada, so suke direba ya ji inda riƙon taya ya ƙare tun yana kan gudun da zai iya sarrafawa, bayan motar ya ɗan zame a kwana, ya dawo da shi da sitiyari cikin natsuwa.

Da yawa daga cikin waɗanda suka sayi motar ba su yi wata-wata ba wajen cire waɗannan tayoyi su sa manya. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya a Japan ko Amurka ba. Duk wanda ya san titunan Abuja, Kano ko Kaduna ya ga Mustang ko BMW ko Mercedes a kan wili mai inci 20 ko fiye, da taya siririya kamar an shafa roba a bakin faranti. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne: a motar gudu da za ta bi titin jama'a, wilin da ya dace shi ne mafi ƙanƙanta kuma mafi sauƙin nauyi da zai iya rufe birki, kuɗin da ya rage kuma a zuba shi kan ingancin roba. Abin da ya wuce haka ado ne, kuma ya kamata mai saye ya san farashin adon kafin ya biya.

Abin da lambar ke faɗa

Wili shi ne ƙarfen da taya ke zama a kansa. Lambar da ke jikin taya tana ba da labarin su biyun. A 215/45 R17, adadin farko faɗin taya ne a milimita. Na biyu yana nuna tsayin bangon taya, wato robar da ke tsakanin bakin wili da ƙasa, a matsayin kashi cikin ɗari na faɗin: kashi 45 na 215 ya kama kusan milimita 97. Na ƙarshe girman wili ne a inci, kuma inci ɗaya milimita 25.4 ne. Idan aka haɗa wili da bango biyu, na sama da na ƙasa, tsayin tayar gaba ɗaya ya kai milimita 625.

Wannan jimilla ita ce aka gina sauran motar a kanta. Da ita aka lissafa giya, da ita aka saita agogon gudu, kuma da ita kwamfutar da ke hana birki kullewa da wadda ke hana mota zamewa suke aiki. Shi ya sa masu sana'ar suka daɗe da ƙa'idar cewa kada sauyin ya zarce kamar kashi 3 cikin ɗari. Tayar da ta fi ta asali tsayi da kashi 3 za ta sa agogo ya nuna kilomita 100 alhali motar tana kan 103. A motar da duk tayoyinta huɗu ke ja kuwa, bambancin tsayi tsakanin gaba da baya yana iya cinye kayan da ke raba ƙarfi a tsakaninsu.

Tunda jimillar ba ta motsi, duk incin da aka ƙara wa ƙarfe daga roba ake cire shi. Wanda ya ɗauki waccan GT86 ya kai ta inci 18 da taya 215/40 zai rage bangon zuwa milimita 86. A inci 19 da 225/35 sai ya koma 79. A inci 20 da 225/30 bai kai 68 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na bangon ya tafi ke nan.

Aikin bango da nauyin ƙarfe

Bangon taya shi ne sifirin farko na mota. Kafin shokazoba ta san an taka wani abu, iskar da ke cikin taya ta riga ta shanye wani ɓangare na bugun. Idan taya mai gajeren bango ta faɗa rami mai kaifin baki, robar takan matse tsakanin bakin ramin da bakin wili. Zaren da ke cikinta ya tsinke, gefen ya kumbura, wani lokaci wilin kansa ya lanƙwashe ko ya tsage. Kumburin gefe ba ya ɗaukar faci, kuma tayar da ta yi shi tana iya fashewa a kan gudu ba tare da gargaɗi ba. A hanyar da damina ke buɗe sabon rami kowace shekara, inda kuma mazauna unguwa ke gina tudun rage gudu yadda suka ga dama, milimita 30 na roba na iya raba wanda zai ci gaba da tafiya da wanda zai tsaya a daji da dare yana neman mai faci.

Sai batun nauyi. Babban wili, idan ƙirarsa ɗaya da ƙarami, ya fi shi nauyi, kuma nauyin yana zaune a wuri mafi muni. Na farko, ba ya kan sifirin. Duk lokacin da taya ta hau tudu, dole sifirin da shokazoba su mayar da ita ƙasa, kuma gwargwadon nauyinta gwargwadon jinkirin komawarta. Tayar da ke tsalle a iska ba ta riƙe komai, ko birki ko kwana. Na biyu, nauyi ne mai juyawa, kuma mafi yawansa yana can nesa da tsakiya, inda juya shi da tsayar da shi suka fi cin ƙarfi.

Mujallar Car and Driver ta Amurka ta gwada wannan a 2010, inda ta sa wa Volkswagen Golf guda ɗaya wili daga inci 15 har zuwa 19. Tsakanin mafi ƙanƙanta da mafi girma, nisan da motar ke yi da litar mai ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari, hanzarin tashinta ya ragu da kusan kashi 4. Riƙon kwana ya ƙaru yayin da tayoyin ke ƙara faɗi, amma na inci 19 bai fi na 18 ba. Akwai inda ribar ke tsayawa, asarar kuwa ta ci gaba.

Mazda ta daɗe da fahimtar haka. MX-5 ta farko, ta 1989, a kan 185/60 R14 ta fito. Samfurin da aka fara sayarwa a 2015, mai nauyin kilo dubu ɗaya da 'yan kai, yana amfani da inci 16 ko 17 ne, da ƙusoshin wili huɗu kacal. Ba a taɓa jin masu gwajin motoci sun yi ƙorafin cewa motar ba ta iya kwana ba.

Faɗi ma yana da iyaka

Ana yawan ɗauka cewa taya mai faɗi tana shimfiɗa roba mai yawa a ƙasa. A zahiri girman wurin da ke taɓa kwalta ya fi dogara ga nauyin mota da yawan iskar taya. Abin da faɗi ya fi sauyawa shi ne siffar wurin: ya zama gajere mai faɗi. Wannan siffa tana taimakawa a kwana a kan busasshiyar kwalta. A kan ruwa kuwa, taya mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta kore a gabanta, don haka ta fi saurin hawa kansa ta yi iyo, sitiyari ya zama ba ya jin magana. Tana kuma bin kwarin da manyan motoci suka tona a kwalta, ta riƙa fizgar hannun direba.

Masu son faɗi sukan kafa hujja da Porsche 911. Gaskiya ne Carrera S ta samfurin 992 tana ɗauke da 245/35 a kan inci 20 a gaba, da 305/30 a kan inci 21 a baya. Dalilin yana cikin ginin motar: injinta a can baya yake, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyinta na kan tayoyin baya, kuma su ke tura ta. Wanda ya kwaikwayi wannan tsari a motar da injinta ke gaba, mai matsakaicin ƙarfi, ya ƙara wa baya riƙo ya bar gaba yadda yake. Sakamakon shi ne motar ta riƙa miƙewa idan an karya kwana. Garin neman gira an rasa ido.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu babban wili ba su rasa abin faɗa ba. Babban birki yana buƙatar wili mai faɗin ciki, kuma mota mai ƙarfin doki 500 ba za ta tsaya lafiya da faifan birkin da zai shiga inci 16 ba. Gajeren bango ba ya lanƙwashewa sosai a kwana, don haka motar tana amsa sitiyari nan take. Kamfanonin taya kuma sun mayar da hankali ga manyan lambobi, har ya zama wasu fitattun tayoyin gudu sun fi samuwa daga inci 18 zuwa sama. Toyota kanta, da ta sabunta motar ta koma GR86 mai inji lita 2.4, ta ba manyan samfuranta 215/40 R18 da Michelin Pilot Sport 4. Sai dai a lura da abin da ta yi: inci ɗaya ta ƙara, faɗin bai motsa ba, tsayin gaba ɗaya ya ƙaru da milimita huɗu kacal. Babban sauyin yana cikin robar.

Tseren Formula 1 ma akan ambace shi, domin a 2022 ya koma inci 18. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, har ƙarshen 2021 motocin da suka fi kowace iri saurin zagaye fili a kan inci 13 suke, da bango mai kauri. Ɗaya daga cikin dalilan sauyin shi ne tayoyin Pirelli na tsere su yi kama da waɗanda ake sayar wa jama'a. A shekarar da aka yi shi, mafi ƙarancin nauyin da doka ta yarda mota ta yi ya tashi daga kilo 752 zuwa 798, kuma sababbin tayoyin na cikin abubuwan da suka jawo ƙarin.

Ado shi ma dalili ne, ba abin kunya ba. Wanda ya sayi motar gudu yana son ta burge ido. Kuskuren yana ga sayen ado da sunan gudu, sannan a tsuke aljihu a wajen roba, domin taya mai inci 20 ta fi tsada, mai motar ya ƙare da sayen ta hannu ko ta kamfanin da ba a san shi ba. Mota mai kyawawan tayoyi a kan inci 17 za ta riga irinta mai tayoyin banza a kan inci 20 tsayawa.

Lambobin da ido ba ya kulawa da su

Ko girman ya dace, da sauran aiki. Tsarin ramukan ƙusa ya bambanta: GT86 tana da ramuka biyar a da'ira mai milimita 100, Mustang biyar a 114.3, Porsche 911 biyar a 130. Akwai lambar da ke bin haruffan ET a bayan wili, wadda ke nuna yadda zai nutse ciki ko ya turo waje. Wilin da ya turo da yawa yana ɗora wa boris nauyin da ba a tsara masa ba, yana goga jikin mota, yana sauya halin sitiyari.

A jikin tayar kuma, bayan girma, akwai adadi da harafi, misali 87W. Adadin yana nuna nauyin da za ta ɗauka, 87 na nufin kilo 545. Harafin iyakar gudu ne: V kilomita 240 a sa'a, W 270, Y 300. Bai kamata a sauka ƙasa da abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a bakin ƙofar direba ba. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT su ne mako da shekarar da aka yi tayar, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Michelin na ba da shawarar a riƙa duba taya kowace shekara bayan ta cika biyar, a sauke ta idan ta kai goma komai kyawun zanenta, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Najeriya kuma ta daɗe tana gargaɗi kan tsofaffin tayoyi. Tayoyin hannu suna cikin kayan da Najeriya ta hana shigowa da su, amma kasuwa cike take da su, kuma a cikinsu akwai na hunturun Turai da Kanada, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu an yi ta ne don sanyi. A kan kwaltar watan Afrilu takan yi laushi, ta cinye da wuri, ta tsawaita nisan birki.

Saboda haka mai motar gudu ya fara da takardar bakin ƙofa, ya ga girman da kamfani ya amince da su, ya ɗauki mafi ƙanƙanta da zai rufe birkinsa. In yana son sauyi, inci ɗaya ya isa, muddin tsayin gaba ɗaya bai kauce ba. Ya tambayi nauyin wili kafin ya kalli zanensa, ya sayi sabuwar roba mafi inganci da aljihunsa zai ɗauka, guda huɗu iri ɗaya, ya riƙa auna iskarsu da safe kafin su yi zafi. Duk ƙarfin injin da girman birkin, a ƙarshe ta wurare huɗu suke isa ƙasa, kowanne bai fi tafin hannu da yawa ba, kuma rayukan da ke cikin motar a kansu suke tafiya.