Giwar sararin sama ba ta mutu ba, amma ta daina haihuwa

A watan Disamba na 2021 kamfanin Airbus ya miƙa wa Emirates jirgin A380 na ƙarshe da ya ƙera. Bayan shekara ɗaya da ƴan makonni, ranar 31 ga Janairu 2023, shi ma Boeing ya miƙa 747 na ƙarshe ga kamfanin dakon kaya na Atlas Air. Tun daga ranar babu wata masana'anta a duniya da ke ƙera jirgin fasinja mai hawa biyu. Waɗanda ke tashi yanzu su ne za su ci gaba da tashi har su tsufa, ba su da magaji.

Wani zai ce me ya haɗa malamin lakwal na Maradi ko uban yara a Tawa da wannan labari, alhali ba a Yamai waɗannan jirage ke sauka ba? A ganina ya shafe mu. Yaranmu na kallon hotunansu a salula kullum, suna kuma ɗauka cewa mafi girma shi ne mafi nasara. Mu manya ma haka muke auna abubuwa da yawa, tun daga bikin aure har zuwa ginin gwamnati. Labarin A380 ya nuna cewa abu na iya zama gwanin ban sha'awa, ya yi aikinsa lafiya lau, amma ya jawo wa masu shi asara saboda ba a auna shi da bukata ba. Darasi ne da ya cancanci shiga aji.

Mu fara da girman nasa, don ba ƙarami ba ne. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike kusan mita 80 ne, wato ya fi faɗin filin ƙwallo. Tsawonsa ya kai kusan mita 73, tsayinsa mita 24. Injinansa huɗu. An ba shi izinin ɗaukar mutum 853 idan aka jera kujeru a matse, ko da yake yawancin kamfanoni kujeru wajen 500 suke sa masa. Shi 747, wanda ya fara tashi a 1969, benensa bai kai har wutsiya ba, tozo ne kawai a gaba kamar na sa. A380 kuwa hawa biyu ne cikakku daga kai har ƙarshe. Ya fara tashi ranar 27 ga Afrilu 2005 daga Tulus a Faransa, ya fara ɗaukar fasinja a Oktoba 2007 da Singapore Airlines.

Lissafin Airbus a lokacin yana da ma'ana. Masu tafiya na ƙaruwa, manyan filayen jirgi irin na Landan sun cika, to maganin shi ne a tara mutane a manyan birane a kwashe su da yawa lokaci guda. Kamfanin ya yi hasashen duniya za ta bukaci irin waɗannan ƙattin jirage fiye da dubu cikin shekara ashirin. A ƙarshe guda 251 kawai aka miƙa wa masu saye, kuma 123 daga ciki Emirates ne shi kaɗai ya karɓa. Babu kamfanin Amurka ko ɗaya da ya yi aiki da shi, babu na Afirka. A Fabrairu 2019 Airbus ya sanar da zai daina ƙera shi, ba tare da ya maido da kuɗin da ya zuba ba. Shi kuwa 747 an ƙera guda 1,574 cikin shekara hamsin da ƴan kai.

Me ya faru? Duk wanda ya taɓa zama a tasha zai gane. Babbar bas ta fi ƴar Hiyas riba idan ta cika. Idan ba ta cika ba, direba na iya jira, ƴan kamasho su yi ta kiran fasinja har la'asar. Jirgi ba ya jira. Lokacinsa na yi zai tashi, ko da rabinsa wayam ne, kuma man da injuna huɗu za su sha ba ya raguwa sosai don kujeru sun zauna babu kowa. Ga kuma fasinjan kansa. A ce wa mutumin Tawa mai zuwa Damagaram sai ya fara zuwa Yamai ya shiga babbar bas, alhali ga ƙaramar mota da za ta bi da shi ta Madawa da Maradi kai tsaye. Wacce zai zaɓa?

Wannan ƙaramar motar ce ta bayyana a sama. A da, jirgi mai inji biyu ba a barin shi ya yi nisa sosai da filin da zai iya sauka idan inji ɗaya ya mutu, shi ya sa ake tsallaka manyan tekuna da masu inji uku ko huɗu. Da injuna suka ƙara inganci aka sassauta dokar. Boeing 787 ya fara aiki a 2011, Airbus A350 a 2015. Dukansu injuna biyu gare su, suna cin dogon zango, suna shan mai kaɗan, kuma cika kujeru 300 ya fi cika 500 sauƙi. Ba su bukatar a faɗaɗa musu hanyoyin cikin fili ko a gina musu ƙofar shiga mai hawa biyu. Ethiopian Airlines, wanda ya fi kowane kamfani a Afirka ƙarfi, nan ya sa kuɗinsa: ya karɓi 787 a 2012, A350 a 2016, bai taɓa sayen A380 ba.

Da annobar korona ta zo a 2020 sai kowa ya ce an gama. Air France ya ajiye A380 ɗinsa gaba ɗaya, har da waɗanda suke zuwa Abijan tun 2014. British Airways, KLM da Qantas suka sallami 747 nasu na fasinja. Daga baya Malaysia Airlines, Thai Airways da China Southern su ma suka rabu da A380. Tun kafin annobar ma an fara farfasa wasu a Tarbes da ke kudancin Faransa don sayar da kayan jikinsu, jiragen da shekara goma kacal suka yi suna aiki. Akbar Al Baker, wanda ya shugabanci Qatar Airways, ya fito fili ya ce sayen A380 shi ne babban kuskuren kamfaninsa.

Amma giwar ba ta mutu ba. Da aka buɗe iyakoki mutane suka yi tururuwar tafiya, sababbin jirage kuma ba su iso ba. Boeing 777X da aka sa ran zai fara aiki a 2020 an yi ta ɗage shi shekara bayan shekara. Faɗuwar wani tashin wani. Kamfanonin da suka jibge A380 a filayen ajiya suka koma suka kakkaɓe musu ƙura. Lufthansa, wanda ya taɓa mallakar 14, ya dawo da takwas tun daga 2023, suna tashi daga Munik. British Airways na aiki da nasa 12. Qantas ya riƙe goma daga cikin 12, Singapore Airlines ya riƙe 12 daga cikin 24. Etihad ya fara dawo da nasa a 2023, Qatar Airways ma da ya kushe shi ya dawo da mafi yawansu. Korean Air da Asiana na da wasu, ANA na Japan na da uku da ya tanada don hanyar Tokyo zuwa Honolulu. Emirates na da fiye da ɗari, yana sabunta kujerunsu, yana kuma cewa zai riƙe su har wajajen 2040. A ɓangaren 747 na fasinja, manyan da suka rage su ne Lufthansa, Korean Air da Air China. Sauran 747 da ke sama yawancinsu kaya suke ɗauka.

Masu son jirgin na cewa wannan dawowa hujja ce cewa an yi gaggawar daina ƙera shi. Akwai gaskiya a maganarsu. Fasinjoji na son shi saboda faɗi da ƙarancin ƙara. A filin Heathrow na Landan, mai titin tashi biyu kacal, inda samun gurbin sauka ke da tsada ƙwarai, jirgi ɗaya mai mutum 500 ya fi biyu masu 250. Dubai ma haka, tun da dukan sana'ar Emirates ita ce tara mutane daga ko'ina a rarraba su. Sai dai a lura da abu guda: duk da wannan farin jini, ba a sake buɗe masana'antar ba, kuma kamfanonin da suka dawo da shi sun riga sun yi odar masu inji biyu da za su gaje shi. An riga an biya kuɗinsa, yana nan a ajiye, sabo bai zo ba. Da babu gara ba daɗi.

Akwai kuma masu cewa ai mu irin wannan jirgi muke bukata don aikin Hajji. Alhazai da yawa na ƙasar Hausa sun san 747, domin da shi Kabo Air da Max Air suka yi shekaru suna jigila daga Kano da sauran birane zuwa Jidda. Amma waɗannan tsofaffin jirage ne da aka saya hannu na biyu da araha. Wanda ya gwada da A380 shi ne Malaysia Airlines, da ya ware nasa don Hajji da Umara a ƙarƙashin shirin da ya kira Amal. Ƙasar da ta fi mu yawan maniyyata da kuɗi ke nan, kuma a 2022 ta rabu da jiragen duka shida. Jigilar Hajji ƴan makonni ce a shekara. Sauran watannin wa zai biya kuɗin gyara, albashin matuƙa da kuɗin ajiya?

Mu ma muna da namu tarihin. Nijar na cikin ƙasashen da suka kafa Air Afrique a 1961, kamfanin da ya kasance abin alfaharin yankinmu har bashi ya durƙusar da shi a 2002. Ba rashin kyawun jirage ya kashe shi ba. Kuɗin da ke fita ne ya fi wanda ke shiga. Yau abin da ke haɗa Yamai da maƙwabta jirage ne matsakaita, abin da Damagaram, Agadas, Difa da Maradi ke bukata kuma ƙananan jirage ne masu zuwa a kan lokaci, da kuɗin tikiti da ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya biya. Daidai ruwa daidai tsaki.

To me malami zai yi da wannan duka? Da farko, ga aikin lissafi a shirye. A ba ƴan koleji misali: fasinja 300 a jirgi mai kujeru 500, kashi nawa cikin ɗari ya cika? Sittin. Su ɗin dai a mai kujeru 330 fa? Wajen casa'in da ɗaya. Wanne mai kamfani zai tura, kuma me ya sa? Yaron da ya warware wannan ya fahimci kashi cikin ɗari, ya kuma fara fahimtar abin da ya sa aji mai ɗalibai ɗari da malami ɗaya ba abin alfahari ba ne, ko abin da ya sa babban asibiti marar likitoci bai kai ƙaramin da ke aiki ba.

Na biyu, ga darasin labarin ƙasa. A380 ba ya sauka a wurinmu amma yana bi ta kanmu, domin sararin samaniyar Nijar na kan hanyar Turai zuwa kudancin Afirka. Da aka rufe sararin a watan Agusta 2023, wani A380 na British Airways da ya taso daga Johannesbag zuwa Landan sai da ya juya a tsakiyar hanya ya koma inda ya fito, sauran jirage kuma suka yi ta dogon zagaye har aka buɗe a Satumba. A shimfiɗa taswira a gaban yara su ja layin da kansu, su ga inda ƙasarsu take a hanyoyin duniya.

Na uku, kuma shi ne ya fi shafar iyaye: idan yaro ya ce yana son aikin jirgin sama, kada a yi masa dariya, kada kuma a bar shi da mafarkin tuƙa A380 kawai. Kafin yaron da ke firamare yau ya gama karatu, yawancin waɗannan jirage sun yi ritaya. Ayyukan da za su rage su ne na masu kula da zirga-zirgar jirage, masu hasashen yanayi, masu gyaran na'urorin sadarwa, makanikai da matuƙan jirage masu inji biyu. Makarantar da ke koyar da wasu daga cikin waɗannan tana nan Yamai: EAMAC ta hukumar ASECNA, wadda ke karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama tun shekarun 1960. Ɗalibai na baro Kamaru da Senegal da Madagaska su zo su yi karatu a cikinta, alhali da yawa daga ƴan lise na Maradi da Tawa ba su taɓa jin sunanta ba. Shiga ta konkur ce, kuma tana son lissafi da fizik. Turancin Ingilishi ma dole ne, domin shi ne harshen da matuƙa da masu kula da sama ke magana da shi a zirga-zirgar ƙasa da ƙasa. Ƴaƴa mata na iya duk waɗannan ayyuka daidai da maza.

Saboda haka ina kira ga shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyayen yara: a nemo bayanin konkur ɗin kowace shekara a manna shi a allon sanarwa tun da wuri, a gayyato ma'aikatan filin jirgin garinku su yi wa ƴan aji na ƙarshe bayanin aikinsu, a kuma daina barin yaran da ke da kai a lissafi suna gudun fannin kimiyya saboda tsoro. Idan yaro ya nuna maka hoton A380 yana mamaki, ka taya shi mamaki, don abin mamakin ne. Sannan ka tambaye shi mutum nawa ne a ciki, nawa suka biya, kuma wa ke magana da matuƙin a daidai lokacin da yake ratsa samaniyar Agadas. Allah ya yi wa karatun yaranmu albarka.