GANGAR MAI TA ZAMA GANGAR KIƊA

Malam Edita, ina roƙo a ba ni ɗan fili cikin mujallar nan tamu in faɗi ra'ayina bisa wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu, har ta hana mu barci dare biyu. Amma sai na fara da laifin kaina.

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, ni wata firamare aka kai ni a Dei-Dei, ba nisa da kasuwar katako. Ran nan ina cikin koyar da lissafi sai na ji ƙwanƙwasa daga bayan aji. Ashe wani yaro ne ya jera gwangwanayen madara uku ƙarƙashin benci yana kaɗa su da fensir. Na ƙwace, na yi masa bulala biyu, na ce masa nan makaranta ce ba gidan biki ba. Da aka tashi na ɗauko su zan yar, na ɗan taɓa, sai na ji kowane da muryarsa, babba da matsakaiciya da ƙarama. Da gangan ya lotsa su haka. Bai fi shekara tara ba.

Da na komo kwaleji na ba abokina labari. Bai ce kome ba, sai ya ɗauko wayarsa ya nuna mini waɗansu mutanen Tirinidad, wani tsibiri a tekun Karibiyan, suna kaɗa gangar mai, irin wadda muke gani jibge a panteka. Su "pan" suke kiranta, watau kwano.

Ga asalin abin. Bayan wata tarzoma da aka yi da 'yan sanda a 1881, Turawan mulki suka hana jikokin bayi kaɗa gangar fata a bukukuwansu. Suka koma buga gora. Daga baya, cikin shekarun 1930, samarin unguwannin talakawa suka koma ga gwangwanin biskit da na fenti. Wajen 1946 wani saurayi, Ellie Mannette, ya ɗauki gangar mai sukutum, ya daddaki gindinta da guduma har ya zurma kamar ƙwarya. Haka ake yi har yau: a rarraba cikin gida gida, a ƙwanƙwasa kowane gida sai ya ba da muryarsa, a gasa a wuta. Ƙaramar cikinsu tana da murya kusan 30, ana kaɗa ta da 'yan sanduna biyu masu roba a kai. Da fari 'yan iska ake ɗaukar masu wannan kiɗa, iyaye na hana 'ya'yansu zuwa kusa. Amma a 1951 aka kai su Landan suka yi wasa, a 1992 gwamnatinsu ta ce shi ne kayan kiɗan ƙasa, a 2023 kuwa Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe masa ranar 11 ga Agusta.

To, gardamarmu a kan gwanaye biyu ce. Abokina ya tsaya kan Liam Teague. Wannan ya koyi gogen Turawa tun yana yaro, ya tafi Amurka ya yi karatun kiɗa a Jami'ar Northern Illinois, har ya zama farfesa a can. Hannunsa kamar walƙiya, ba ka jin murya ɗaya ta hau kan 'yar'uwarta. A 1995 ya tsaya gaban taron makaɗan Turawa a Shikago ya kaɗa kiɗan da Jan Bach ya rubuta dominsa. Abokina ya ce wanda ya shigar da gangar bola zauren da a da ba ta isa ta leƙa ba, shi ne gwani.

Ni kuwa na tsaya kan Len Sharpe, wanda ake yi wa laƙabi Boogsie. An haife shi a 1953, a filin kiɗan unguwarsu ya girma, da kunne ya koya ba da takarda ba. A 1972 ya kafa ƙungiyarsa, Phase II Pan Groove. A babbar gasarsu ta shekara shekara, wadda aka soma a 1963, al'ada ita ce a ɗauko waƙar wani mawaƙi a kaɗa. Shi sai ya ƙi, ya dinga shiga da kiɗan da ya ƙaga da kansa, ana ta kayar da shi, har ya ci a 1987. In ka saurare shi za ka ji wani lokaci ya sassauta, ya bar murya ɗaya tana rawa ita kaɗai, kamar mai kalangu in zai kira sunan mutum. Teague ya kan sa in riƙe baki don mamaki. Boogsie kuwa ya kan sa in manta da cewa ƙarfe ake bugu. A ganina sauri ba shi ne ma'aunin makaɗi ba, sai dai abin da ya faɗa maka da kiɗan.

Ai mu ma mun san haka a gida. Marigayi Ɗan Maraya Jos da me ya yi suna? Da kuntigi, gwangwanin kifi da fatar akuya da tsirkiya ɗaya tak. Haruna Uji yana da gurmi, Hassan Wayam yana da kukuma, kowa gwani ne, amma ba wanda ya ce kayan Ɗan Maraya sun yi kaɗan sa'ad da yake waƙar Karen Mota.

A dare na biyu ne abokina ya kama ni. Ya ce Ɗan Maraya ya rasu a 2015, to, a wace kwaleji ake koyar da kuntigi? Teague kuwa yana da ɗalibai, abin da ya sani yana rubuce, ko ba ransa wani zai ɗauka. Na rasa amsa. Har yanzu in an ce in zaɓi wanda zan saurara, Boogsie zan zaɓa, ban janye ba. Amma mu nan aikin malanta muke koyo, maganar abokina kuwa ta fi tawa shafar aikinmu.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwaleji, tun da muna da darasin fasaha da kiɗa, a riƙa gayyato masu gurmi da kukuma da kalangu su zauna da mu, mu ga yadda ake ɗaure fata da yadda ake ja tsirkiya, mu rubuta. Kada wani ya ce wai aikin maroƙa ne. Haka aka ce a Tirinidad. Gangar mai kuma ba ta da wuyar samu, motar kwaleji tana bi ta Dei-Dei in za ta Zuba.

Gwangwanayen nan uku suna cikin akwatina. In an sake tura ni makarantar zango mai zuwa zan mayar wa mai su, in ce ya kaɗa lokacin tara, ba lokacin lissafi ba.