ARZIKIN ƘASA A GOYON UWA AKE AUNA SHI

A majalisun unguwar Zariya, cikin birnin Maraɗi, in hira ta kai ga zancen ci gaba, abin da ake lissafawa sananne ne: benen da aka ɗora, motocin kaya da suka ƙetaro ta Ɗan Isa, albashin da ya shigo kan kari. To amma masana suna da wani ma'auni da ya fi waɗannan tsanani: cikin jarirai 1000 da aka haifa da rai, nawa ne ke rasuwa kafin su cika shekara guda?

Dalilinsu kuwa a fili yake. Idan aka raba dukiyar gari bisa yawan jama'arsa, miliyoyin attajiri ɗaya suna iya rufe talaucin mutum dubu. Gawar jariri ita ba ta ɓoyuwa cikin lissafi. Ta ɗan alhaji ɗaya ce, ta ɗan manomi ma ɗaya. Cikin wannan adadi ake ganin ruwan da ake sha, da abincin mai ciki, da nisan likita, da ƙwarewar ungozoma, da karatun uwa.

Ƙasashe masu arziki su kansu ma'aunin bai raga musu ba. Amurka ta fi Japan kuɗin shiga, amma a 2022 ta rasa jarirai 5,6 cikin 1000, alhali na Japan ba su kai 2 ba. A cikin Amurkar ma, baƙar fata sun rasa kusan 11, fiye da ninkin na farar fata. A Faransa adadin ya tashi daga 3,5 a 2011 zuwa 4,1 a 2024. Tun 1976 wani masani Bafaranshe, Emmanuel Todd, ya lura mutuwar jarirai tana ƙaruwa a Tarayyar Sobiyet, ya ce ginin ya tsage. A 1991 ƙasar ta wargaje, da makamanta da komai.

Maraɗi ta san wannan darasi tun da daɗewa. Binciken lafiyar jama'a na 1998 ya nuna Nijar tana rasa jarirai 123 cikin 1000. Jahar da ta fi kowace rasa ƴan ƙasa da shekara 5 kuwa ita ce Maraɗi, cibiyar kasuwanci kuma rumbun hatsi: fiye da yaro ɗaya cikin uku. A yunwar 2005 hatsi bai ƙare a kasuwa ba, kuɗinsa ne ya gagari talaka, sai ga wuraren jinyar tamowa sun cika maƙil da goyo.

Wani zai ce rai na Allah ne. Haƙiƙa haka ne, amma Allah ya ce tashi in taimake ka. An gina ƙananan likitoci a ƙauyuka, an raba sange, an yawaita allurar rigakafi, a 2006 kuma gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Binciken 2012 ya samu adadin ya sauko zuwa 51. Nijar ba ta zama ƙasa mai arziki cikin waɗannan shekaru 14 ba. Abin da ke hannu ne aka kai inda ya dace. Sai dai jinkirin biyan likitocin kuɗin wannan kyauta ya sha barin ɗakunan magani fayau, uwa ta koma gida da takarda a hannu.

A nan ne nauyi ya hau kan ɗan kasuwa da ma'aikaci. Takardar biya da ta kwana wata shida bisa tebur, maganin zazzaɓin wani yaro ne a karkarar Tsibiri. Zogalen Jiratawa da ake lodawa zuwa kasuwa, mai jegon da ke bakin garkar ta fi kowa buƙatarsa. Rijiya mai tsabta, ko motar ɗaukar mai naƙuda, sadaka ce mai gudana.

Wanda ke son sanin inda Maraɗi ta kwana, ya ƙirga ragunan suna da aka yanka bara a unguwarsu, sa'an nan ya tambaya nawa ne cikin yaran suke tatata bana. Allah ya raya abin da aka haifa, amin.