Me ya sa launin karsana ke sauya farashinta?

A kasuwannin shanu na Achida da Illela a jihar Sokoto, mai saye kan dubi launin karsana tun kafin ya duba haƙoranta, domin launi ne ke fara nuna iri. Bokolo, fara mai ɗan duhu da gajerun ƙahoni, tana da sanyin hali, 'ya'yanta kuma na saurin yin nama a turke, shi ya sa masu kiwon gida ke rububinta. Jar Rahaji kuwa, abin alfaharin Bororo, gwanar doguwar tafiya ce, amma ba ta son ɗauri. Yayin da noma da rashin tsaro ke tsuke burtali, baiwar tata na rage daraja a idon dillali, ko da makiyayi bai yarda ba.